Abin da Ke Shaƙe Madam a Hanyar Faraku

Kwana uku na yi a tashar Malanbil kafin na yarda Sale ba zai dawo ba.

Sale shi ne mutumin da ya same ni a garejin maigidana Ɗantani a Jega, lokacin muna cikin Jihar Sakkwato. Ya tsaya yana kallon yadda nake haɗa kafireto, ya ce hannu irin nawa bai kamata ya ƙare a gyaran akori-kurar 'yan albasa ba. Wai wansa na da babban gareji a Faraku, cikin ƙasar Binin, kuma makanike suke nema ido rufe. Ina da shekara ashirin da huɗu, ban taɓa wuce Birnin Kabi ba. Na biyo shi. Muka bi ta Kamba, muka shiga Gaya, muka ƙetare gadar Kwara. A Malanbil ya ce jandarmomin gaba na ƙwace kayan aikin baƙo, in ba shi akwatina ya shigar da shi motar wani abokinsa, ni in jira shi gindin wani ɗorawa. Akwatin nan shekara shida na yi ina tara abin da ke cikinsa. Na miƙa masa da hannuna. Abin da ya rage mini sukudireba ɗaya da filaya, su ma don suna aljihun wandona ne.

Komawa gida ba wuya, motocin albasa na zuwa kullum. Amma in na tuna yadda mutanen ƙauyenmu Sabiyal suka yi ta shigowa gidanmu suna yi wa mahaifiyata murna ɗanta ya samu aiki a ƙasar waje, sai in ji ƙafata ta ƙi.

Ranar Alhamis da hantsi na ga Madam. Haka mai ita ke kiranta. Baƙar mota ce mai zagayayyen baya, tsohuwa ƙwarai, irin wadda Turawan mulki suka bari. An goge ta tana ƙyalli, an ɗaure katifa da akwatin ƙarfe a samanta. Bonet a buɗe, wani makaniken tasha ya sa sifana zai kwance kan injin. Mai motar dattijo ne siriri da lofe a baki, ya tsaya yana kallo kamar ɗansa za a yi wa kaciya. Kusa da shi wata budurwa ta harɗe hannu tana duban agogonta.

Ban san lokacin da na matsa ba. Na yi sallama, na ce, "Baba, me ke damunta?"

Dattijon ya amsa da Hausar kasuwa, mai ɗan karkace. Sunansa Biyo, tsohon ma'aikacin gidan waya ne. Ni ma na ce sunana Labbo. Ya ce wata uku ke nan, mota na tafiya lafiya lau, sai ta fara fizga, ƙarfi ya tafi, ya taka totur har ƙasa ba ta amsawa, wani lokaci ta mutu. In an ɗan jima sai ta tashi kamar ba ita ba. An sake fulogi sau biyu, an sake kwantak, an sake kwayil, an wanke kafireto sau uku. Wani ma ya ce iska ce, a yi mata turare.

Na ce a tayar da ita in ji. Aka tayar. Injin nan na tafiya sumul, ba tari, ba hayaƙi. Raina ya yi fari, don na san kan injin ba shi da laifi.

Na ce, "Baba, kada a kwance ta. Yanzu lafiyarta ƙalau, duk wanda ya duba ta a nan ba zai ga komai ba. Sai an kama ta lokacin da take yi. In Faraku za ku, ku tafi da ni. In ta yi a gabana zan gano."

Makaniken tasha ya yi wata magana da Dandanci, yaren garin, aka yi dariya. Budurwar ba ta yi ba. Ita ce Adiza, autar Baba Biyo, Hausarta ta fi ta uban nesa. Ta samu gurbi a makarantar aikin jinya a Kwatano, ranar Litinin ake rufe karɓar ɗalibai, kuma jirgin ƙasan da zai kai ta yana tashi daga Faraku ranar Asabar da safe. Ita so take ta hau motar haya. Uban ya ce da wannan motar ya kai duk yayyenta inda za su, da ita zai kai ta.

Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Malam, ina kayan aikinka?"

Na zaro sukudireba da filaya. Baba Biyo ya cire lofe daga baki ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Shiga, Nijeriya. Ko ba komai ka iya turi."

Daga Malanbil zuwa Gene Madam ta yi gudu har na fara tsoron ba za ta yi ba, su ce ƙarya nake. Ina zaune a baya tsakanin buhun gari da kwandon kwanuka, kunnena na kan injin. Mun wuce Gene kaɗan, bayan wasu ramuka, sai na ji ta. Ta ɗan ja baya kamar an riƙe mata wutsiya, ta saki, ta sake riƙewa, ta yi ta raguwa har ta tsaya.

Na dira tun kafin ta gama tsayawa. Maigidana Ɗantani ya sha gaya mana injin mai kafireto abu uku yake nema, wuta da mai da iska, in ya ƙi aiki ɗayansu ne bai iso ba. Na fara da wuta. Na cire wayar fulogi ɗaya, na kusantar da ita jikin injin, na ce Baba ya murɗa makulli. Wuta ta yi tsalle shuɗiya, mai kyau. Na mayar da waya, na ce ya sake murɗawa in ji, sai kawai ta tashi. Na tsaya riƙe da sukudireba kamar wawa.

Rana ta take, zafin bazara ne. Na taɓa famfon mai, ya ƙona ni. Na tuna akwai motocin da in famfo ya yi zafi fetur ke zama tururi a cikin bututu ya ƙi hawa. Na jiƙa tsumma na naɗe famfon da shi. Daga nan har Kandi ba ta ƙara ko tari ba. Duk inda muka ga rijiya sai in sauka in sake jiƙa tsumman. Kafin mu shiga gari na riga na fara gaya wa Baba irin motocin da na gyara a Jega, da waɗanda ban gyara ba ma.

Mun isa Kandi da la'asar. Su suka sauka gidan wani ɗan'uwansu, ni aka nuna mini zango. Tun shayin safe ban sa komai a cikina ba. Na tsaya gaban wata rumfar tuwo ina duban tukunya, na gaida mai tuwon don in samu abin cewa. Tsohuwa ce mai jiki, tana kwasa. Ta ɗago kai da sauri.

"Kai ɗan nan, sake hwaɗi in jiya. Daga ina kat taho?"

Na ce daga Sabiyal.

"Sabiyal ta Aliero?" Ta aje mara. "Ni ɗiyar Sarandosa ta, can ƙasar Maiyama. Zamna. Zamna nan kusa gare ni."

Inna Kulu ake ce mata. Aure ya kawo ta Kandi, mijin ya rasu, 'ya'ya suka riƙe ta a nan. Ta zubo mini tuwon gero da miyar sure, wato yakuwa, irin wadda ban ƙara gani ba tun da na ƙetare Kwara. Loma ta farko na tuna gida, na sunkuyar da kai. Ta yi kamar ba ta gani ba, ta shiga tambayata. An yi kwalta hanyar Jega? Har yanzu gulbi na cika ya hana zuwa kasuwa? Albasa ta yi bana? Ina amsawa ina ci, bakina ya koma irin na gida ba tare da na sani ba. Da na ba ta labarin Sale ta daɗe tana girgiza kai.

Ta ce, "Ba kai ɗai ba na. Na ga irinka uku nan rumfar ga. Biyu sun koma gida, guda ya wuce. Kai wane kake so ka zama?"

Na ce ai na riga na gyara motar da za ta kai ni.

Ta ce Allah shi sa. Da safe ta aiko mini da fura a ɗan goran duma, ta ce in na koma gida wata rana in ratsa Sarandosa in ce Kulu na nan da rai.

Juma'a muka fita Kandi da sanyin safiya, tsummana a jiƙe sharkaf. Ba mu yi minti ashirin ba Madam ta fara fizga.

Adiza ta juyo daga kujerar gaba, ta ce, "Malam Labbo, yanzu ma zafin ne?"

Kunya ta kama ni, amma wani abu ya faɗo mini. Jiya ni da kaina na ɓata shaidar. Da na sa aka yi ta murɗa makulli don in ga wuta, famfo ya sake cika kafireto kafin in duba shi. Na yi tsawa, "Baba, kashe ta! Kashe makulli yanzu, ka taka kuloci, kada ka bari ta farfaɗo!"

Ya kashe, muka gangara gefen hanya. Na hana kowa taɓa komai. Na kwance murfin kafireto da sukudireban nan nawa. A cikin kafireto akwai ɗan kwano inda fetur ke taruwa kafin injin ya sha. Na leƙa. A bushe yake, sai ɗan danshi a ƙasa.

Na yi ihu har wasu Fulani masu wucewa da shanu suka waiwayo. "Yunwa ce! Baba, zo ka gani, yunwa take ji! Ba wuta ba ce, ba iska ba ce, mai ne ba ya isowa!"

Baba Biyo ya leƙa, Adiza ma ta fito ta leƙa. Ta ce, "To me ke hana shi?"

Nan ne aikin yake. Na cire tiyon da ke fitowa daga famfo, na ce a murɗa. Fetur ya yi tsiri da ƙarfinsa. Famfon da bai ba da mai ba ɗazu, ga shi yana bayarwa. Na zaga baya na buɗe murfin tanki. A cikinsa an cusa wata roba da aka yanko daga robar cikin taya, ta rufe ɗan ramin da iska ke shiga. In iska ba ta shiga tanki, famfo zai yi ta ja har ya gaza. Na ce na kama ɓarawo. Na sa murfin a aljihu, na ɗaure bakin tankin da ƙyalle, muka tashi. Wannan karon ban yi cika baki ba, amma a zuciyata na gama.

Ana ganin rufin gidajen Gogunu ta sake yi.

Muka tura ta zuwa inuwar wata bishiya a bakin kasuwa. Can sai ga wata babbar mota ta tsaya shan ruwa, Faraku za ta. Adiza ta je ta yi magana da direban, ta dawo ta fara kwance igiyar katifarta. Baba Biyo ya zauna a kan dutse, ya riƙe lofe bai kunna ba. Na san in ta hau motar nan shi Malanbil zai juya, ni kuma tafiyata ta ƙare a Gogunu. Amma ba wannan ne ya fi ci mini rai ba. Na ga kwanon nan a bushe da idona. Saura kaɗan.

Na ce, "Adiza, don Allah ki ba ni zuwa bayan sallar Juma'a. Motocin yamma na nan tafe."

Ta tsaya da igiya a hannu. Ta ce, "Wata uku ina zaune cikin motar nan. Makanike bakwai sun duba ta, kai ne na takwas. Ko ɗaya bai tambaye ni abin da na gani ba."

Na ce, "Me kika gani?"

"Ba ta taɓa yi tanki na cike ba. Sai ya sauko rabi. Kuma ba ta yi a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Sai an faɗa rami, ko an sha kwana, ko an fara hawa. Wani lokaci minti goma da tashi, wani lokaci awa biyu."

Na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. In murfi ne, da lokacinta ɗaya ne kullum, kuma da tanki cike ta fi saurin yi. Abin da take faɗa yana nufin akwai wani abu mai motsi. Na ce ta bar katifar zuwa bayan sallar kawai. Ta dubi ubanta a kan dutse, ta daɗe, sannan ta ɗaga wa direban babbar motar hannu ya tafi.

Da muka fito masallaci na je wurin wani mai sayar da fetur a bakin hanya. Ba ya jin Hausa, ni ba na jin Barbanci, amma da hannu da hannu ya gane, ya ara mini jarka da doguwar tiyon da yake zuƙo mai da ita, Baba ya yi alkawarin maido masa a hanyar dawowa. Na cire bututun da ke zuwa daga tanki, na toshe shi, na haɗa tiyon da famfo. Na bi da ita ta gefen bonet, na ɗaure bonet ɗin da igiya, na shigo da ita ta taga zuwa cikin jarka. Jarkar Adiza ta riƙe tsakanin ƙafafunta. Ta miƙa hannu ta zare lofen daga bakin ubanta ta jefa a jakarta.

Na ce, "Baba, yanzu ba ruwanta da tankinta. In ta yi, laifin famfo ne ko kafireto. In ba ta yi ba, laifin yana baya. Kada ka tausaya mata. Duk ramin da ka gani, faɗa."

Ai kuwa ya faɗa. Ban taɓa ganin tsoho ya yi tuƙi irin na ranar ba. Ramin farko na riƙe numfashi. Ba ta yi ba. Na biyu, na uku, kwana mai kaifi, gada mai tudu, Madam sai ƙara gurnani take. Muka cim ma babbar motar da Adiza ta bari, muka wuce ta, Baba ya danna ham bai saki ba. Da muka fara hawan duwatsun Bambarake na leƙa kaina ta taga ina yi mata kirari kamar ɗan kokawa. Baba na dukan sitiyari yana waƙa da harshensu. Adiza ta rungume jarka, warin fetur ya sa idonta hawaye, tana dariya tana cewa mu duka biyu mahaukata ne.

A Bambarake muka tsaya ƙara mai. Adiza ta ce mu wuce haka har Faraku, tun da dabara ta yi. Gaskiyarta ce. Amma na ce mata gobe Baba zai juyo shi kaɗai, ba mai riƙe masa jarka, kuma ba a yin doguwar tafiya da fetur a buɗe cikin mota sau biyu a ce dabara ce. Ta dubi rana, ta dubi agogo, ta ce, "Awa ɗaya da rabi."

Wani mai injin niƙa ya ara mini sifanu uku. Matarsa ta kawo manyan kwanonin wanki biyu. Na fara hura bututun daga gaba, muka ji yana ɓulɓul a cikin tanki, ba toshiya. Na shiga ƙarƙashin mota na tsiyaye man a kwano, na kwance tankin, ni da mai niƙa muka fito da shi rana. Mutane sun taru. Na kori duk mai taba zuwa ƙetaren hanya. Na girgiza tankin kusa da kunnena, ban ji komai ba, ba tsakuwa, ba ƙarfe. Na leƙa ta baki, duhu ne kawai, kuma ba mai hankalin da zai kai ashana wurin.

Adiza ta buɗe jakarta ta fito da ɗan madubin kwalliya. Ta tsuguna, ta karkata shi har hasken rana ya faɗa cikin tankin. Na sa ido ɗaya. Ƙasan tankin fes, sai can a kusurwa wani baƙin abu zagayayye, lafe da ƙarfe.

Na lanƙwasa waya da filaya. Sau huɗu yana kuɓuce mini. A na biyar ya fito. Roba ce, faɗinta bai wuce bakin kofin shayi ba, ta yi laushi ta kumbura da fetur.

Na ɗaga ta sama, mutanen Bambarake suka yi sowa duk da ba su san mece ce ba. Na ce su matso. Na jefa ta cikin kwanon fetur, ta nutse ta kwanta. Na sa bakin tiyo kusa da ita, na zuƙa ta ɗaya bakin. Robar ta taso ta manne a bakin tiyon, mai ya yanke. Na saki, ta sulale ta koma ƙasa. Na sake yi, ta sake mannewa. Haka take yi wa Madam. In tanki ya cika, mai ba ya kaɗawa, tana kwance inda take. In ya sauko aka faɗa rami, sai man ya kwashe ta ya kai ta bakin bututu, famfo ya zuƙe ta ta rufe hanya. In injin ya mutu, jan ya saki, ta faɗi, kowa ya zo ya duba bai ga komai ba.

Baba Biyo ya karɓi robar ya jujjuya ta. Ya ce in ba shi murfin da ke aljihuna. Ya gwada su, yanka ɗaya ne. Sannan ya ce da ƙaramar murya, "Ni na yanka ta. Fetur ke fantsalowa ta murfi, na sa mata. Wata rana na buɗe ban gan ta ba, na ce ta faɗi a gidan mai, na yanka wata."

Adiza ta ce, "Baba! Makanike takwas!"

Ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa na rawa. Na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce. Ya fassara wa mutane da Barbanci, wuri ya kaure. Matar mai niƙa ta zauna a ƙasa don dariya.

Na mayar da tanki, na tace man da ƙyalle na zuba, na huda robar murfin daidai ramin iska. Da gangan muka bar tankin a rabi.

A Ndali jandarmomi suka tsayar da mu. Ɗaya ya miƙo hannu yana neman takarduna, ni kuwa ba ni da komai sai takardar haraji ta gida. Na tuna maganar Sale. Adiza ta yi masa Faransanci mai tsawo, ta nuna ni, ta nuna robar da Baba ya aje gaban gilashi. Jandarman ya sunkuyo ya shinshina rigata, ya ja da baya yana fifita hanci, ya ɗaga sanda muka wuce. Na tambaye ta me ta ce masa. Ta ce, "Na ce kai ne likitan Madam, kuma ba a raba majinyaci da likitansa a tsakiyar hanya."

Ana kiran magariba muka shiga Faraku. Ba ta yi ko sau ɗaya ba.

Da safe muka kai Adiza tashar jirgi. Ni na ɗora mata akwatin ƙarfe da katifa. Ta durƙusa gaban ubanta, ya dafa kanta ya daɗe yana addu'a. Da ta hau ta leƙo ta taga ta ce, "Malam Labbo, in an kawo maka mota, ka riƙa tambayar wanda ke zama a kujerar gefe." Na ce na ji. Jirgi ya yi kuka ya ja. Baba bai motsa ba sai da hayaƙin ya ɓace.

Ranar muka zaga gari muna tambayar garejin wan Sale. Ba wanda ya taɓa jin sunan. Baba ya juya mota ya kai ni wani gareji bayan kasuwa, na wani ƙaton mutum daga kudu da ya sani tun zamanin gidan waya. Mutumin ya ce ba ya ɗaukar baƙo, balle wanda ba ya jin Faransanci kuma ba shi da kayan aiki. Baba ya ja kujera ya zauna, ya aje robar a kan teburinsa, ya ba shi labari tun daga Malanbil, har da nasa laifin bai rage ba. Mai garejin ya saurara har ƙarshe. Ya ɗauki robar ya matsa ta da yatsa. Sannan ya nuna wata farar mota da ƙura ta rufe a ƙarshen fili, ya yi magana. Baba ya fassara mini: wata biyu ke nan tana nan, ita ma tana yi tana bari. In na gano ta, akwai wurin kwana a bayan gareji da akwatin kayan aiki na aro.

Shekara huɗu na yi a garejin nan kafin na dawo Jega na buɗe nawa. Amma ranar ban san haka ba. Na raka Baba Biyo bakin titi. Ya kama hannuna da nasa biyu, ya ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka." Ya shiga, ya tayar da Madam, ya ɗauki hanyar arewa shi kaɗai, kujerar gefe ba kowa. Na tsaya ina sauraren injin. Ya sa giya ta biyu, ya sa ta uku, ya faɗa wani rami gaban kasuwa, ta wuce sumul. Da ƙarar ta ɓace cikin hayaniyar gari na koma ciki, na tambaya da hannu wa ke tuƙa farar motar, kuma wa ke zama kusa da shi.